Kundin aikin zaɓen ma'ajiyar intanet don shagonmu na ɗab'i

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Yaya ya ɗora mini alhakin nemo wurin da za mu riƙa adana fayilolin shagonmu a intanet, ni kuma na ga ya dace in riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, domin masu ƙananan sana'o'i irinmu suna da yawa a Kano, kuma matsalolin da muke fama da su kusan iri ɗaya ne. Sana'armu ɗab'i ce da ɗaukar hoto: katin gayyatar biki, kalanda, allon talla, rasit ɗin 'yan kasuwa, hoton fasfo da kundin hotunan aure. Abin da ya tayar da maganar shi ne wani yaron shago da ya bar aiki a watan jiya, bayan tafiyarsa muka gane cewa zane-zanen wasu manyan abokan cinikinmu suna cikin asusunsa na kansa. Ya turo su da muka nema, ba tare da wata rigima ba, amma da a ce an rabu baram-baram, ko ya canza lamba, da aikin shekaru ya tafi da shi.

Na fara da ƙidayar abin da muke da shi, saboda ba a zaɓen ma'aji kafin a san yawan kaya. A kwamfutoci uku da faifan ajiya na waje guda biyu na tarar da kusan GB 620. Daga ciki, abin da ake taɓawa kullum bai wuce GB 90 ba, wato zanen CorelDRAW da Photoshop na wannan shekarar da takardun lissafi. Sauran tsofaffin ayyuka ne da hotunan bukukuwan da aka riga aka miƙa wa masu su, waɗanda ba a buɗe su sai wani ya dawo yana neman ƙarin kwafi. Duk waɗannan suna ƙarƙashin rufi ɗaya. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris ɗin 2016, da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a Agustan 2022, ya san abin da hakan yake nufi.

Asabar, 13 ga Satumba

Wannan makon na duba abin da kowane kamfani ke bayarwa kyauta. Google Drive na ba da GB 15, sai dai wannan sararin na tarayya ne tsakanin Drive da Gmail da Google Photos. OneDrive na Microsoft da iCloud na Apple kowanne GB 5 ne. Dropbox GB 2 ne kacal, kuma tun 2019 asusun kyauta ba ya haɗa na'ura fiye da uku. MEGA ya fi su duka, yana ba da GB 20.

Ɗaya daga cikin yaranmu ya kawo shawarar a buɗe asusun kyauta da yawa a rarraba fayilolin a ciki. Na ƙi, kuma ba don rowa ko ƙyashi ba. Asusu goma yana nufin kalmar sirri goma da lambar waya goma, sannan Google ya sanar cewa daga Disambar 2023 yana iya goge asusun mutum da aka yi shekara biyu ba a shiga ba. Tsohon aikin da aka jefa a asusu na bakwai aka manta da shi, shi ne daidai irin wanda wannan ƙa'idar za ta cinye. Kyauta ta isa ga ɗalibi mai 'yan takardu, amma ba ta isa ga wurin da ake cin abinci da fayil ba.

Laraba, 24 ga Satumba

A nan ne na fi daɗewa, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin take. Yawancin abin da ake tallatawa a matsayin ma'ajiya, aikinsa na asali daidaita fayil ne tsakanin na'urori. Idan ka sa manhajar a kwamfuta, duk abin da ka yi wa folda a nan sai a yi wa takwararta a can. Tamkar madubi ce: ka gyara fayil ya gyaru a intanet, ka goge shi ya gogu, ya lalace a hannunka a ɗora lalataccen a kan mai kyau. Wannan yana da amfani ƙwarai ga mutum biyu da ke aiki a kan zane ɗaya, amma ba ya kare ka daga yaron da ya goge folda bisa kuskure, ko daga muguwar manhajar nan da ke garkuwa da fayiloli ta kulle su har sai an biya kuɗin fansa, domin kullallun fayilolin ne manhajar daidaitawa za ta ɗauka ta hau da su cikin biyayya.

Saboda haka na daina tambayar yawan sararin da za a ba mu, na koma tambayar kwana nawa ake ba mutum ya dawo da abin da ya ɓata. A Google Drive, abin da aka jefa kwandon shara yana kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya, tsofaffin sigogin fayil irin namu kuma ana riƙe su kwana 30 ko har siga 100, sai dai in mutum ya yi wa wata siga alamar a bar ta. A OneDrive na mutum ɗaya ma kwana 30 ne, amma na kasuwanci kwana 93. Yana kuma da wata hanya da ke mayar da dukan ma'ajiyar yadda take a wata rana cikin kwana 30 da suka wuce, abin da ke da muhimmanci idan dubban fayiloli ne suka lalace lokaci guda, domin ba mai iya zama ya dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Dropbox yana ba da kwana 30 a ƙananan tsare-tsarensa, 180 a na ƙwararru da 'yan kasuwa.

Kwana 30 kamar da yawa ne, amma a sana'armu kaɗan ne. Mai kalanda sau ɗaya yake zuwa a shekara. Makarantar da muke buga wa takardar sakamako sai ƙarshen zango take waiwayar mu. Idan foldarsu ta ɓace a watan Janairu, ba wanda zai lura sai Afrilu, lokacin kuwa kwandon shara ya daɗe da zubar da ita. Wannan ya tabbatar mini cewa buƙatarmu biyu ce daban-daban, kuma da wuya kamfani ɗaya ya biya su duka yadda ya kamata: wurin aikin yau da kullum, da wurin ajiya mai zurfi wanda hannun yaran shago ba ya kaiwa.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na auna saurin intanet ɗinmu. Kamfanonin sadarwa saurin saukewa suke tallatawa, mu kuwa ɗorawa ce damuwarmu, kuma ita ce ƙarama. A shago muna samun kusan megabit 5 a daƙiƙa idan layi ya yi kyau, wato kimanin GB 2 da 'yan kai a awa ɗaya. Fayilolin aikin yau da kullum za su ci awa 40, tsofaffin kuma fiye da awa 230, in har wuta ba ta ɗauke ba kuma layi bai yanke ba. Ga tsadar data, tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun bana. Shawarar da na yanke ita ce a riƙa ɗorawa da daddare a kan inbata, a fara da abin da rashinsa zai tsayar da shago.

Na lura Dropbox yana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace MB 4, ya ɗora wadda ta canza kaɗai, OneDrive ma yana da makamancin haka. Ga mai ƙirga data wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ribar tana raguwa a fayilolin da aka matse, waɗanda ƙaramin gyara ke sauya cikinsu kusan duka.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yau muka zauna da Yaya bayan la'asar. Ya ga farashin Microsoft 365 na iyali, wanda ke ba mutum shida TB 1 (wato GB 1,000) kowanne, ya ce, “To ai ga shi nan, me kuma muke nema?” Na ce, “Yaya, wannan na gida ne, sharaɗinsa bai yarda a yi kasuwanci da shi ba. Kuma ko da ya yarda, kowane yaro zai zama shi ne mai foldarsa, mun koma gidan jiya ke nan.” Ya yi shiru, sannan ya ce in nuna masa na kasuwancin.

Bambancin da ke tsakanin tsarin mutum ɗaya da na kasuwanci ba a girman sarari yake ba, a mallaka yake. A tsarin kasuwanci shago ne ke da asusun, mai kula da shi ne ke buɗe wa ma'aikaci ƙofa, shi ne kuma ke rufewa ranar da ya tafi, fayilolin da ke foldar tarayya kuma suna nan daram. Google Workspace yana da wannan, ƙaramin tsarinsa GB 30 ne ga kowane mutum, na gaba da shi TB 2. Microsoft 365 Business Basic yana ba kowane mutum TB 1, da ƙarin wurin tarayya na kamfani gaba ɗaya. Da yake akantanmu da Excel yake aiki, ga kuma kwana 93 ɗin nan, mun tsaya a kan na Microsoft, mutum uku: Yaya, ni, da babban mai zane. Ba na cewa ya fi na Google ga kowa. Wanda duk harkarsa a wayar Android take, yana rubutu a Google Docs, zai fi jin daɗin Workspace, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba.

Biyan kuɗin ma sai da muka tattauna shi. Tun 2022 bankuna da dama suka dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira, a Yulin bana ne wasu suka dawo da ita da iyaka. Kuɗin wata-wata da ke rataye a kan kati irin wannan yana iya tsayawa ba tare da laifin kowa ba. Na karanta abin da ke faruwa idan biya ya tsaya: a tsarin kasuwanci na Microsoft, a 2025, ana ba da kwana 30 komai na aiki, sai kwana 90 da mai kula da asusu kaɗai ke iya kwashe fayiloli, daga nan a goge. Mun amince a biya na shekara guda a dunƙule, a rubuta ranar sabuntawa a littafin shago, kuma saƙon tunatarwa ya riƙa zuwa adireshin da mutum biyu ke dubawa. Farashin da aka ɗaure da dala yana bin canji, wanda ya ga yadda naira ta kasance tun Yunin 2023 kuwa ba zai yi kasafin shekara ba tare da barin rara ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Jiya cibiyar ajiyar bayanai ta Amazon da ke arewacin jihar Bajiniya a Amurka ta sami matsala, manhajoji da yawa a duniya suka tsaya na sa'o'i. Bai shafi aikinmu ba, amma ya zo daidai lokacin da nake nazarin ajiya ta biyu. Mu a nan ba ma sai kamfanin ya faɗi ba. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Najeriya da Gana suka shiga wahala. A Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka yi kwanaki a duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Fayil ɗin da yake intanet kaɗai, a irin waɗannan ranaku, daidai yake da babu. Don haka na saita foldar ayyukan da ke hannu ta riƙa zama a kan kwamfuta koyaushe, sauran kuma sai an buƙata a sauke.

Kamfanonin su ma ba dawwamammu ba ne. Hukumomin Amurka sun rufe Megaupload a Janairun 2012, masu ajiyar halal da masu ta haram duk suka rasa hanyar shiga. Amazon ya rufe Amazon Drive a ƙarshen 2023, bayan ya ba da sanarwa tun da wuri. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na UniSuper, asusun fansho na Ostireliya mai mambobi fiye da rabin miliyan, wanda kuskuren saiti ya sa aka goge ma'ajiyarsa a Google Cloud a Mayun 2024. Abin da ya taimaka wajen ceto su shi ne suna da kwafi a wani kamfani daban. Idan mai dukiya irin wannan bai dogara da wuri ɗaya ba, shagon ɗab'i ba shi da hujjar yin haka.

Tsarin da masu harkar suka daɗe suna bi shi ne kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Namu zai kasance haka: kwamfutocin shago da OneDrive don aikin kullum, faifan waje da za a riƙa cikawa duk Alhamis a kai gidan Yaya, sai ajiya mai zurfi a Backblaze B2, wanda a 2025 yake karɓar dala 6 a wata kan kowane TB 1, kuma gwargwadon abin da ka ajiye kake biya. Na zaɓi cibiyarsu ta Amsterdam. Yana da wani kulle da ke hana goge fayil ko sauya shi har sai wa'adin da ka sa ya cika, ko da wanda ya saci kalmar sirrinka ne ya nemi gogewa. Ba shi da sauƙin sarrafawa kamar Drive, sai da wata manhaja ake tura masa kaya, ni da rclone nake yi. Wannan wahalar a wurina alheri ce, tunda ba wurin shige da fice ba ne.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Da nake tace tsofaffin fayiloli kafin ɗorawa, na ci karo da abin da ya dame ni fiye da batun sarari. Akwai ɗaruruwan takardun mutane da aka kawo a buga ko a yi musu kwafi: takardar NIN, shaidar haihuwa, sakamakon jarrabawa, har da takardun asibiti. An buga, mai ita ya tafi, kwafin ya zauna a kwamfuta shekara da shekaru. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ce kada a riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da buƙatarsa ta ɗauka, ta sa sharuɗɗa kan fitar da shi ƙasar waje, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Ko babu doka ma, amana ce. Na kai wa Yaya maganar, ya ce a goge su duka, kuma daga yau duk takardar shaida da aka buga a share ta kafin a tashi. Abin da ba ka ajiye ba, ba mai sace shi a hannunka.

Hotunan biki sun fi wuya, domin su dole a ajiye. A cikinsu akwai na kamu da na wuni, inda mata ke tsakaninsu cikin kwalliya, hotunan da iyalan ba za su taɓa yarda baƙo ya gani ba. Manyan kamfanonin suna kulle fayil a hanya da kuma a ma'ajiyarsu, amma mabuɗin yana hannunsu. MEGA, da kuma Proton Drive na ƙasar Suwizalan, suna kullewa tun daga na'urarka, su kansu ba sa iya buɗewa, sai dai duk wanda ya rasa kalmar sirrinsa da mabuɗin farfaɗowa ya rasa kayansa har abada, ba ofishin da zai je ya yi roƙo. Na bi hanyar tsakiya: rclone yana kulle hotunan a kwamfutarmu kafin su tafi Backblaze, mabuɗin kuma na rubuta shi da hannu a takarda biyu, ɗaya a wurin Yaya, ɗaya a wurina.

Na kuma hana tura wa abokin ciniki mahaɗin da duk wanda ya samu zai iya buɗewa, domin irin wannan mahaɗi yana shiga zauren WhatsApp na dangi, daga nan ba wanda ya san inda zai ƙare. Yanzu kowane mahaɗi yana da ranar mutuwa, na hotunan mata kuma sai an tantance adireshin wanda aka tura wa.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Aikin ya ɗan karkata zuwa gida. Yaya ya yi ƙorafin saƙonni sun daina shigowa Gmail ɗinsa, na duba na tarar GB 15 ɗinsa ya cika. Tun 1 ga Yunin 2021 hotunan da ke hawa Google Photos suke cin sararin asusu, daga farkon 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga lissafin, alhali wayarsa cike take da bidiyon da ake turowa a zauruka. Na cire bidiyo daga ajiyar WhatsApp, muka share manyan saƙonnin da suka tsufa, sannan muka ɗauki Google One na GB 100, wanda ake iya rabawa da mutum biyar na gida ba tare da wani ya ga kayan wani ba. Ga mutum ɗaya shawarata ba ta da tsawo: ya zauna da ma'ajiyar da ta zo da wayarsa, Google ga mai Android, iCloud ga mai iPhone, ya kunna tantancewa mai mataki biyu, ya kuma ajiye lambobin farfaɗowa a takarda. Layin waya kaɗai bai isa madogara ba a ƙasar da ake rufe layi a sake sayar da shi idan ya daɗe ba a yi amfani da shi ba.

Laraba, 3 ga Disamba

An gama ɗora ayyukan yau da kullum tun tsakiyar watan jiya, tsofaffin kuma sun haura kashi biyu cikin uku. Jiya na yi gwajin da na fi ba muhimmanci. Na ɗauki kwamfutar da ba ta taɓa shiga asusunmu ba, na ce wa babban mai zanenmu ya ɗauka shago ya ƙone, ya fito mini da katin bikin wani abokin ciniki na bana, da takardar lissafin Satumba, ba tare da na taɓa masa komai ba. Takardar lissafin ta fito cikin 'yan mintuna. Katin ma ya sauka, amma da aka buɗe shi a CorelDRAW sai rubutun ya canza kama, saboda nau'o'in haruffan da muke amfani da su suna cikin kwamfutocin shago, ba a cikin foldar da ake ajiyewa ba, har da waɗanda ke da ɓ da ɗ da ƙ da muka sha wahalar tarawa. Na buɗe musu folda ta musamman a ma'ajiyar, na kuma roƙi masu zane su riƙa ajiye kwafin PDF kusa da kowane aikin da aka kammala.

Ajiyar Backblaze ni kaɗai na iya buɗe ta a yanzu, wannan kuwa rauni ne, domin tsarin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya bai bambanta da inda muka fito ba. Ina rubuta matakan dalla-dalla da Hausa a shafi biyu, ranar Asabar kuma Yaya zai zauna ya bi su da kansa, ina gefe ban ce uffan ba, duk inda ya tsaya in gyara rubutun. Bayan haka sai sauran GB 170 na hotunan 2019 zuwa 2021, waɗanda nake sa ran su gama hawa kafin cunkoson kalandar sabuwar shekara ya cinye mana dare.